Wanda Ya Riƙe Igiyar Baya

Akwai wani saurayi ɗan gidan mahauta a garin Bungudu, Arzika sunansa, irin mutanen nan da ƙafarsu ba ta san zama ba. Abin ya faru ne a zamanin En'e, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu su tafi.

Gemu bai fito masa ba ya bi fataken shanu zuwa Kurmi. Daga Ikko ya zarce Kumashi. Ya yi fawa a zango, ya yi dako a bakin teku, ya yi abin da yake faɗa da wanda ba ya faɗa. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Rana tsaka sai ga shi ya sauko daga jirgin ƙasa a Gusau, akwatin kwano a ka, agogon da ba ya tafiya a hannu.

Bai tarar da gida yadda ya bar shi ba.

Motocin lori sun fara korar jakuna daga hanya. Buhunan gyaɗa sun yi dala a bakin tashar Gusau, sai mutum ya dafe hula kafin ya ga ƙarshensu. An kafa akwatin rediyo a ƙofar gidan hakimi, dattawa na zama da yamma suna gardama da mutumin da ke ciki. An sare kukar da suke langa a gindinta, an gina aji a wurin. Yaran da ya bari ba wando yanzu suna kan keke suna musun jam'iyya.

Mahaifiyarsa, Inna Kulu, ta rasu, ba a san inda za a aika masa ba. Yayansa Shu'aibu ya gaji rumfar naman mahaifinsu, ya auri wata 'yar Karakkai mai suna Hanatu, har da yara a tsakar gida.

Arzika ya je kabari ya yi addu'a, ya yi kukansa ya share. Sauran duk ya haɗiye su da dariya.

"Ashe kai ne ƙanin mijin da ake ta cika ni da labarinka," in ji Hanatu ranar farko, tana ajiye masa ƙwaryar fura. "Ni na zaci ƙato zan gani. Duk yawon nan, mataccen agogo kaɗai ka samo mana?"

"Matar Yaya, agogon nan lokacin Kumashi yake bi, bai san na ƙauye ba."

"To ka tambaye shi ko ya san lokacin aure, don ni na gaji da dafa wa gwauro tun kafin in fara."

Shu'aibu ya yi dariya har ya ƙware. Mutum ne mai sanyin hali, kakkaura, maganarsa ba ta da yawa. Tun suna yara shi ke ɗaukar dukan da Arzika ya jawo.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Arzika a wuya ya ƙi wucewa, shi ne hawan ƙaho.

Ga wanda bai san shi ba, hawan ƙaho wasan mahauta ne na jajibirin Sallah. A kawo bijimi mai faɗa, a ɗaura masa igiya biyu, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya. Masu kalangu su yi ta zuga. Mai hawa ya tunkari san ido da ido, ya faɗa tsakanin ƙahoninsa ya rungume wuya, san na wujijjiga shi, jama'a na ihu. In abu ya ɓaci, masu igiyar baya su fizga, ƙafar san ta goce, a janye mutum da sauran numfashinsa.

Mahaifinsu, marigayi Sani, ya yi suna a wannan wasa daga Bungudu har Tsafe. Duk shekarun da Arzika ya yi a Kurmi, in ya rufe ido abin da yake gani ke nan: kalangu na kiran gidansu, shi kuma yana tsakiyar ƙaho. In za a faɗi gaskiya, abin da ya dawo da shi gida ke nan.

Sai Shu'aibu ya gaya masa abin da ya faru a bayansa. Wata shekara a Gusau ana wasan a tsakiyar kasuwa, sa ya tsinke igiya ya faɗa cikin mata masu tallan nono. Ya soki ɗaya, ba ta tashi ba. Hukuma ta hana wasan baki ɗaya. Daga baya aka dawo da shi, amma da sharuɗɗa: sai a cikin shinge a bayan gari, sai an datse tsinin ƙahon da zarto, ba a sakin igiya ko mai hawa ya yi rantsuwa, kuma ɗan doka na tsaye yana kallo.

"Zarto?" in ji Arzika. Ya ajiye ludayi. "Wa ya yarda da wannan?"

"Baba Garba."

Baba Garba ƙanin mahaifinsu ne, shi ne kuma Sarkin Pawa na garin, shugaban mahauta. Arzika bai jira gari ya sake wayewa ba. Ya same shi a kasuwa, zaune kan buzu a bakin rumfa, mahauta kewaye da shi.

"Baba, wai da gaske zarto kuke sa wa sa?"

"Durƙusa ka gaishe ni tukuna, baƙon Kumashi."

Ya durƙusa ya yi gaisuwar da ba ta kai ciki ba, ya miƙe.

"Baba, jikina ne. In sa ya huda ni, hanjina zai zubo, ba na Bature Di'o ba, ba na hakimi ba. Ina ruwansu? Ko'ina na je a duniya mutum shi ke da ikon ransa. Nan kaɗai ne sai an ba ka izini kafin ka yi jarumta."

Tsohon ya dube shi.

"Kana tsammanin ina son zarton ne? Ranar da anka fara datse ƙaho gabana ko tuwo ban ci ba. Waɗanda sunka yi dokar ba su taɓa riƙe igiya ba, ba su kuma tambaye mu ba. Da fari cewa sunka yi a bari har abada. Ni na yi ta zarya tsakanin nan da Gusau har takalmina ya cinye, kafin su bar muna wanga ɗan guntun. Guntu ne, na sani. Amma namu ne."

"Mahaifina bai taɓa hawan gundulin sa ba. Kuma kan gadonsa ya mutu, zazzaɓi ya kashe shi."

"Ya mutu kan gadonsa don muna bayansa." Baba Garba ya buɗe tafukansa biyu, duk tabo, fatar ta yi fari inda igiya ta ci. "Kai kana yaro, idonka na kan ƙaho. Ba ka taɓa waiwayawa ka ga ko mu nawa ne kan igiya ba. Wanga wasa ba na mutum guda ba ne, Arzika."

Arzika ya yi wata 'yar dariya.

"Tsufa ne, Baba. Tsoro ne ya sami rawani."

Kasuwar nama ta yi tsit. Wani da ke sara ya tsaya da gatari a sama. Shu'aibu ya zo ya kama ƙaninsa a wuyan riga ya ja shi waje, yana ba tsohon haƙuri. Baba Garba ya rufe hannayensa ya mayar cikin riga.

Da Sallah ta matso, Baba Garba ya aiki Shu'aibu kasuwar Tsafe ya sayo san da za a hau. Arzika ya ce zai raka shi, su koro shi tare. Na ukunsu shi ne Bawa mai kalangu, wanda ya yi wa mahaifinsu kiɗa tun suna samari. Bawa ya fi kowa jin haushin dokar, don tun da aka fara datse ƙaho kasuwarsa ta yi sanyi. Ba mai cire riga ya ba makaɗi saboda an hau gundulin sa.

A Tsafe suka ga bijimin. Fari ne mai baƙin wuya, tozonsa ya kwanta gefe don ƙiba, ƙahoninsa sun buɗe sun lanƙwaso gaba, tsininsu na ƙyalli. Bafulatanin da ya kawo shi ya shafa masa baya kafin ya rabu da shi.

"Ku bi shi a hankali, Kaɗo," ya ce wa Shu'aibu. "Tun da uwarsa ta haife shi, igiya ba ta taɓa ƙafarsa ba sai yau."

Suka kamo hanya. Arzika bai ɗauke ido daga kan ƙahonin ba. Ya san ƙa'ida: ranar da san ya taka Bungudu, ranar zarto zai cinye su. Ke nan in zai hau sa na gaskiya a rayuwarsa, sai dai a hanya.

Bawa ma ya sani. Tun a kasuwa ya riga ya raɗa wa wasu samarin mahautan Tsafe cewa su same su a bayan dutse, wajen 'Yankuzo, inda wani rafi ya ƙafe ya bar yashi. Ba ɗan doka, ba shinge, ba dattijo.

Da Shu'aibu ya ga an karkata daga hanya, ya ga samari zaune kan duwatsu suna jira, nan take ya gane.

"Auta, ba za a yi ba."

"Sau ɗaya, Yaya. Sau ɗaya tak, in san ni ɗan Sani ne. Bayan nan ku datse shi har kunne in kun so."

"San Baba ne. Amanarsa ce."

"Zan mayar masa da shi da ƙafa huɗu."

"Dubi waɗannan," in ji Shu'aibu, yana nuna samarin. "Cikinsu wa ya taɓa riƙe igiyar sa irin wanga? Kallo sunka zo yi."

Bawa ya saɓa kalangu a hammata ya ɗan taɓa shi, sau biyu, a hankali. Taken gidansu ne.

"Bawa, don Allah ajiye wanga abu," in ji Shu'aibu.

"Ni mi na yi? Kalangu ne ya tuna da ubangidansa."

Arzika ya cire riga ya jefar kan yashi.

"Yaya, ba izini nake nema ba. In ka riƙe, to. In ba ka riƙe ba, zan hau shi ba igiya. Kai ka sani ba na faɗin abin da ba zan yi ba."

Shu'aibu ya sani. Abin da ya ɗaure shi ke nan, ya sani. Ya tsaya yana kallon ƙaninsa, ƙashin wuyansa duk a waje, idanunsa ja kamar mai zazzaɓi. Sai ya sunkuya ya ɗauki igiyar ƙafar baya.

"Ku zo nan, ku kama mini," ya ce wa samarin.

Ba wanda ya zo. Duk sun yi rubdugu kan igiyar wuya, don daga can ake ganin wasa. Mai igiyar baya ba abin da yake gani sai wutsiya da kashin sa. Shu'aibu ya sake kira, ɗaya ya zo ya riƙe da yatsu, wuyansa a miƙe yana leƙen gaba.

Akwai abin da ake fara koya wa kowane ɗan mahauci tun kafin a ba shi wuƙa: ba a naɗa igiyar sa a hannu. A tafi ake riƙe ta, in ta fi ƙarfinka ka saki. Shu'aibu ya fi kowa sanin haka. Amma ya san shi kaɗai ne, ya kuma san in igiyar ta zame daga tafinsa, ba abin da zai tsaya tsakanin ƙahon nan da cikin ƙaninsa.

Ya naɗa ta a hannunsa na dama, tun daga wuyan hannu har gwiwa.

Arzika ya waiwayo a daidai lokacin. Ya gani. Bakinsa ya buɗe zai yi magana, sai Bawa ya saki kalangu da ƙarfi, ya ɗaga murya:

"Ɗan Sani na tsakar ƙaho! Sa ya gan ka ya tuna uwarsa! Ka je Kurmi ka dawo, ko a can ka bar zuciyar?"

Arzika ya juya ya fuskanci san.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. San ya sunkuyar da kai ya taso. Arzika bai kauce ba. Ya jira har sai da ya ji hucin hancinsa, sannan ya faɗa daidai tsakiya, ƙaho a dama, ƙaho a hagu, ya sarƙe wuyan da hannu biyu. San ya ɗaga shi sama, ya buga shi ƙasa, ya sake ɗagawa. Arzika na manne kamar kaska. Samari na ihu, yashi na tashi, kalangu kamar zai fashe.

A nan ya kamata a tsaya. Amma gwanayen da can suna da wata al'ada, wadda dokar ta hana. In hawa ya yi daɗi, mai hawa kan yi kira a saki igiyar wuya, a bar shi da san su biyu. Mahaifinsu ya sha yi. Arzika ya ɗaga kai daga wuyan san ya yi ƙara:

"Ku saki!"

Suka saki.

San ya ji wuyansa ya zama nasa. Ya yi wani juyi da ba wanda ya zata, gumi ya sa hannun Arzika ya zame, ya faɗi rigingine kan yashi. San ya ja baya taki biyu, ya sunkuyar da kai, ya nufo cikinsa.

Wanda ke taya Shu'aibu riƙo ya saki ya ruga. Shu'aibu ya kafa ƙafa a wata saiwa, ya jefa dukan jikinsa baya. Ƙafar san ta goce. Ƙahon ya nutse cikin yashi dab da kunnen Arzika.

San ya miƙe a firgice. Bai ƙara neman kowa ba, daji ya nufa. Ya fizgi Shu'aibu ya kife shi, ya ja shi kan yashi, ya haura gaɓar rafin da shi, kan tsakuwa, kan ƙaya. Igiyar ta laƙe a wani kututture, hannun na tsakani, san kuma bai daina ja ba.

Kowa ya ji ƙarar karyewar ƙashi. Kalangu ya yi shiru.

Arzika ya isa da wuƙa ya yanke igiyar, san ya shige daji. Da ya waiwaya, samarin nan ko ɗaya babu. Ya dubi jikinsa, ko ƙwarzane bai samu ba. Ya dubi hannun yayansa, sai ya kasa ci gaba da dubawa.

"Mu fita bakin hanya mu tare mota," ya ce. "Asibitin Gusau."

"In kun je asibiti tambaya za a yi," in ji Bawa. "Daga tambaya sai ɗan doka. Kai za a ɗaure, ni za a ɗaure, Sarkin Pawa kuma a tuɓe masa rawani."

Shu'aibu ya buɗe ido da ƙyar.

"Kai ni wurin mai ɗori, Auta. Akwai shi nan 'Yankuzo. Kar Baba ya ji."

Da Arzika ya yi musu, da ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi hanyar mota ko yana so ko ba ya so. Bai yi musu ba. Ya yarda da sauri, kuma shi kansa ya ji saurin.

Mai ɗorin tsoho ne mai gaskiya. Ya warware tsumman da aka naɗe hannun, ya duba, ya girgiza kai.

"Ni ƙashi nake ɗorawa. Wagga igiya ta ci nama, ta ci jijiya. Ku kai shi Gusau yau ɗin nan."

Arzika ya durƙusa ya yi ta roƙo, har tsohon ya jera kara ya ɗaure, yana cewa shi dai ya faɗi nasa. Aka aika Bungudu cewa sa ne ya ƙwace a hanya, suna nemansa. Bawa ya ce zai je ya dawo, bai dawo ba.

Kwanaki suka tafi a wani ɗan ɗaki a bayan gidan mai ɗori. Yatsun suka kumbura, suka yi shuɗi, suka yi baƙi. Ƙuda suka gane ɗakin. Zazzaɓi ya hau Shu'aibu har yana kiran Inna Kulu ta rufe masa ƙofa. Kullum da safe Arzika sai ya ce yau za su tafi Gusau, kullum da rana sai ya ce a ga gobe.

Labari ba ya zama a kasuwar Tsafe. Wata safiya Arzika ya ji ƙugin mota a bakin gari, kafin ya miƙe sai ga Baba Garba a ƙofa. Tsohon ya shiga, warin ya tare shi, ya tsaya. Bai dubi Arzika ba. Ya sa aka ɗauki Shu'aibu a kan asabari aka sa a lori, ya zauna ya ɗora kansa a cinyarsa har Gusau.

Likita ya yanke hannun a saman gwiwa. Ya ce da an kawo shi ranar da abin ya faru, da wataƙila an ceci wani abu. Da an ƙara jinkiri kuma, da ba hannu kaɗai za a binne ba.

Duk abin da suka ɓuya don gudunsa, ya zo. Alƙali ya ɗaure Arzika na 'yan watanni. Aka kira Baba Garba gaban hakimi, aka bar masa rawaninsa, amma aka ce masa tun da mahauta sun nuna ba a iya yarda da su, wasan ya ƙare. Da zarto ko ba zarto. Aka aiko 'yan doka suka tuge shingen bayan gari.

Jajibirin Sallar nan ba a ji kalangu a Bungudu ba. Ba a ji ba a ta gaba ma.

Ranar da Arzika ya fito daga gidan yari, Baba Garba ya kira shi rumfa. Arzika ya zaci kora ce, ya ma shirya mata. Sai tsohon ya ɗauko wuƙar Shu'aibu ya ajiye a gabansa.

"Ga rumfa, ga wuƙa. Yayanka ba ya iya riƙe ta. Kai kana da hannu biyu, lahiyarsu lau. Ba ni da wani hukunci bayan wanga."

Arzika ya ɗauka. Ya kuma yi ƙoƙari, kada a ce bai yi ba. Yana fita da asuba, yana fiɗa, yana sara, yana kasa nama. Shu'aibu na zaune gefe kan turmi yana yi wa masu saye magana, hannun rigarsa na dama a ninke an soke shi da allura.

Amma samarin mahauta, waɗanda suka shekara suna jiran ranar da za su hau ko da gundulin sa ne, ba su yafe ba. In ya wuce sai wani ya ce, "A ba jarumi hanya, wanda ya hau nasa ya hau namu."

Na gida ya fi ciwo. Hanatu ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga masa murya ba. Wasan ne kawai ya mutu. Takan ajiye masa tuwo ta ce, "Malam Arzika, ga abinci," kamar wani baƙon da ya sauka a zaure. Ta fara dakau, tana surfa wa maƙwabta gero. Duk bugun taɓarya sai ya ji shi a ƙirjinsa.

Sai tsohuwar cutar ta motsa. Ya fara tsayawa bakin hanya yana kallon lori in ta wuce. Ya fara gaya wa kansa cewa a Kumashi zai fi samu, zai riƙa aikowa, hakan ma ya fi amfani. Ya maimaita har ya kusa yarda.

Wata rana da azahar ya shiga ɗaki ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Akwai motar gyaɗa da za ta tashi zuwa Gusau bayan salla. Yana cikin ninke riguna ya ji muryar yayansa daga tsakar gida.

"Auta, zo ka zuba mini ruwa."

Ya fito. Shu'aibu na tsugune da buta a gabansa. Arzika ya durƙusa ya zuba masa a tafi, Shu'aibu ya kurkure baki, ya shaƙa, ya wanke fuska. Da aka zo hannu, Arzika ya ajiye butar ya kama hannun hagun da nasa hannayen, ya wanke masa shi har gwiwa, ya tsefe tsakanin yatsu. Sannan ya ɗaga ninkin rigar ya shafa ruwa a kan dungun.

"Na ga akwati," in ji Shu'aibu.

Arzika bai ɗago ba.

"Ban ce ka biya ni ba, Auta. Ni na naɗa igiyar, ba kai ba."

"Na gan ka kana naɗawa, Yaya."

"Na sani. Na ga ka gani."

Ruwan butar ya ci gaba da zuba a ƙasa, har sai da Shu'aibu ya sa yatsa ya ɗaga bakinta.

"Gobe wa zai zuba maka?" in ji Arzika.

"Wanda ya zauna."

Shu'aibu ya dafa bango ya miƙe, ya fita masallaci. Daga bayan gida taɓaryar Hanatu na ta sauka. Can bakin hanya direba ya danna ƙaho, yana kiran masu tafiya.

Arzika ya koma ɗaki. Ya daɗe tsaye a gaban akwatin. Sannan ya ninke rigar ƙarshe ya saka, ya danne murfin da gwiwa, ya shiga neman ɗan makulli kafin motar ta tashi.

Darasi: Duk mai cewa rayuwarsa tasa ce, zai yi wasa da ita yadda ya ga dama, ya fara waiwayawa ya ga wa ke tsaye a bayansa. Sau da yawa mai gangancin yakan tashi lafiya, wanda ke ƙaunarsa ne ke biya. Ba kowace doka ce ke da daɗi ba, wata ma ba a yi shawara da masu abin ba kafin a kafa ta, kuma ya kamata masu iko su san cewa abin da aka hana ba tare da jin ta bakin mutane ba, daji yake komawa, inda ba mai ceto. Amma in doka ta matse ka, je ka yi magana a inda ake magana, kamar yadda Baba Garba ya yi. Kada ka karya ta a ɓoye, ka rasa naka, ka jawo a ƙwace na kowa. In kuma ka riga ka yi ɓarna, kada tsoron hukunci ya hana ka ceton rai, kada kuma kunya ta sa ka gudu ka bar wanda ka jawo wa.

In kana da ƙane, ko ɗa, ko aboki mai wasa da ransa yana cewa ba ruwan kowa, tura masa wannan labari tun yau, ka kuma yaɗa shi ga sauran 'yan uwa. Allah Ya tsare mu da jawo wa masoyanmu abin kuka.